Me Ya Sa Ƙwayar Jini Ba Ta Zama Ta Ido Ba?

Ƙannena da 'ya'yana, musamman ku da ke ajin kimiyya kuna jiran WAEC da NECO, akwai wata tambaya da nake so ku riƙe, domin ta fi yawancin abin da ake sa ku haddacewa amfani. Kowannenku ya faro ne daga ƙwayar halitta guda ɗaya tak, wadda malamin bayoloji ke kira sel, wato ƙwan uwa da ya haɗu da maniyyin uba. Faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, aka yi ta tafiya, har ga shi jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyi fiye da tiriliyan 30. Da a ce duk iri ɗaya suka fito, da curin nama kawai aka samu. Amma sun fito iri-iri, sama da 200. Ga ja ta jini, 'yar mitsitsiya mai loɓawa a tsakiya. Ga ta jijiya da ke tasowa daga ƙasan laka ta gangara har babban yatsan ƙafa, tsawonta ya kai mita guda. Ga ta tsokar zuciya da ke bugawa tun mutum yana kusan kwana 22 a ciki. Uwarsu ɗaya. Wanda ya tsara hakan, mumini ya san shi. Yadda tsarin ke tafiya kuwa an bar mana shi a buɗe mu bincika, kuma an yi nisa da binciken.

Mu fara da dalilin rabon aikin. Akwai halittu masu ƙwaya ɗaya, irin su bakteriya da amiba, kuma suna rayuwarsu lafiya lau. Ƙwayar nan guda ita ke ci, ita ke gudun maƙiyi, ita ke hayayyafa. Sai dai ba ta wuce ƙanƙanuwa. Da zarar jiki ya yi kauri, ƙwayar da ke can tsakiya ta yi nisa da iska da abinci, dole a sami masu kai mata, da masu kwashe dattinta, da masu isar da saƙo daga wannan gefe zuwa wancan.

Akwai kuma ayyukan da ba sa zama wuri ɗaya ko kaɗan. Misalin da ya fi burge ni yana cikin ruwan tafki da gonakin shinkafa, wata halitta ce mai suna Anabaena wadda ƙwayoyinta ke jere a layi. Tana bukatar ta haɗa abinci da hasken rana, aikin da ke fitar da iskar oksijin. Tana kuma bukatar ta kamo naitirojin daga iska, alhali oksijin yana lalata sinadarin da ke wannan kamun. Taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka idan naitirojin ya yi ƙaranci a ruwan, sai kusan ƙwaya ɗaya cikin kowace goma ta kaurara bangonta, ta daina fitar da oksijin, ta koma kamun naitirojin zalla tana miƙa wa maƙwabta, su kuma suna turo mata sukari. Daga ranar ba ta ƙara rabuwa har ta mutu.

Ku lura da wannan kuɗin da ta biya, domin a jikinmu ma haka ne. Jar ƙwayar jini, kafin ta bar ɓargo ta shiga aiki, tana fitar da cibiyarta waje, wato ɗakin da DNA ɗinta ke ajiye, don ta sami wurin cika cikinta da himogulobin mai ɗaukar oksijin, ta kuma iya lanƙwashewa ta ratsa sirararan hanyoyin jini. Ba ta iya gyara kanta, ba ta iya haihuwa. Kwana 120 take yi ta ƙare, shi ya sa ɓargonku ke ƙera sababbi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, har a wannan da kuke karatu. (Ta kaza ba ta yar da cibiyarta, wannan dabara ta masu shayarwa ce.) Ƙwayoyin da ke tsakiyar tabaron cikin ido su ma sun zubar da cibiya da sauran kayan ciki don haske ya ratsa su, kuma da su mutum zai tsufa, ba a sauya su. In sun dusashe, ita ce yanar ido da kuke gani wurin kakanni. Yawancin ƙwayoyin jijiya ba sa rabuwa bayan sun kammala. Cutar shan inna tana kashe waɗanda ke cikin laka masu ba tsoka umarni, kuma wadda ta mutu ba ta da magaji. Dalilin da ya sa ƙafar da ta shanye ba ta dawowa ke nan, dalilin kuma da ya sa aka dage da rigakafi gida-gida har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da asalin cutar. A ɗaya gefen, shimfiɗar cikin hanji ana sabunta ta cikin ƙasa da mako guda, saboda can ƙasanta an ɓoye wasu ƙwayoyi da ba su ƙware a komai ba sai haihuwa. Su ake kira ƙwayoyin tushe. Ku riƙe sunansu, za mu dawo kansu.

To, ta yaya ƙwaya ke zama abin da ta zama? A ƙarshen ƙarni na 19 wani babban masani Bajamushe, August Weismann, ya kawo amsa mai daɗin ji. Ya ce yayin da ƙwayoyi ke rabuwa, ana rarraba musu kayan gado ne, ta tsoka ta tafi da rabon tsoka, ta fata ta tafi da rabon fata, kowace ta rasa sauran. Magana ce da hankali ke saurin karɓa, amma ba daidai ba ce, kuma shaidun da ke ƙaryata ta suna kusa da ku. Tagwaye masu kama ɗaya, daga tayi guda suka fito wanda ya tsage biyu a kwanakin farko, kuma ba a sami rabin Hassan da rabin Usaini ba, kowane ya fito cikakken mutum. Manomin rogo yana sare kara ya binne, sai saiwa da ganye su fito daga abin da jiya kara ne kawai. A 1958 wani masani a jami'ar Cornell ta Amurka, F. C. Steward, ya raino cikakken shukar karas daga ƙwayoyin da ya gutsuro a jikin saiwarsa.

A dabbobi abin ya fi wuya, sai da John Gurdon ya zo. A 1962, yana jami'ar Oxford a Ingila, ya wallafa gwajinsa a kan wani kwaɗon ruwa ɗan asalin Afirka. Ya ɗauki ƙwan kwaɗo ya lalata cibiyarsa, sannan ya zaro cibiya daga ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo mai wutsiya ya dasa a ciki. Da Weismann ya yi gaskiya, iyakar abin da za a samu shi ne hanji, ko ma a tashi ba komai. Sai ga wasu daga ƙwayayen sun girma sun zama cikakkun 'ya'yan kwaɗi masu ido da zuciya da wutsiya, suna iyo. Ashe ƙwayar hanji ba ta yar da umarnin yin ido ba, rufe shi kawai ta yi. A watan Yulin 1996 aka maimaita haka da tunkiya a cibiyar Roslin da ke Sikotland: Dolly, wadda aka samu daga cibiyar ƙwayar hantsar wata tunkiya baliga, bayan gwaji 277.

Ga hoton da za ku ajiye a zuciya. Kusan kowace ƙwaya mai cibiya a jikinku tana riƙe da kundi ɗaya, kwafi iri ɗaya, mai haruffa kusan biliyan 3, da babi wajen 20,000, kowane babi umarni ne na ƙera wani furotin. Ba wadda ke karanta kundin duka. Akwai babobin da kowa ke karantawa don kula da rai, sannan kowace tana da nata da ta buɗe, sauran ta ɗaure su. Babin insulin yana nan cikin ƙwayar fatar hannunku, amma a ɗaure. Ƙwayoyi kaɗan ne a cikin ciki suka buɗe shi, kuma idan aka rasa su sai ciwon sukari irin na yara ya bayyana.

Masu buɗewa da rufewar nan furotin ne na musamman da ke hawa kan DNA su ce a karanta nan, a bar can. Wasunsu na da ƙarfin gaske. A 1987 Harold Weintraub da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa guda ɗaya, mai suna MyoD, in aka kunna shi a wata ƙwaya da ba ta tsoka ba, sai ta juye ta zama ta tsoka. Su kuma waɗannan furotin, wa ke tashinsu? Galibi maƙwabta da wurin zama. A wani aiki da aka buga a 1924, Hans Spemann da ɗalibarsa Hilde Mangold, a Freiburg ta Jamus, suka yanko ɗan mitsitsin nama daga bayan tayin wata 'yar uwar kwaɗo suka dasa a gefen cikin wani tayin. Sai tayin ya fitar da baya na biyu da laka ta biyu, kuma yawancin ƙwayoyin da suka gina su ba na baƙon naman ba ne, na mai masauki ne, waɗanda da fatar ciki za su zama. Baƙon ya aika musu saƙo, suka sauya hanya. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935. Ita Hilde, wadda hannunta ne ya yi dashen, gobarar risho ta yi ajalinta a shekarar da aka buga aikin, tana da shekara 25. Na ambaci sunanta ne don littattafai da yawa suna tsallake shi.

Hannunku ma haka aka zana shi. Akwai wani sinadari da ke fitowa daga gefen da ƙaramin yatsa zai kasance. Inda ya yi yawa a sami irin yatsa kaza, inda ya ragu a sami wani. Da farko hannun tayi a haɗe yake, sai ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu su karɓi umarnin mutuwa, su mutu cikin tsari, yatsu su rabu. A ƙafar agwagwa an hana wannan umarni aiki sosai, shi ya sa fatar ta zauna. Bayan ƙwaya ta zaɓi hanyarta kuma, sai ta sa wa babobin da ta rufe wasu alamomi na sinadari, ta naɗe su tam, kuma idan ta rabu 'ya'yanta su gaji alamomin. Dalilin da ya sa in kun yanke a yatsa fata ce ke toho a wurin ke nan, ba farce ko gashi ba.

An daɗe ana ganin wannan ɗauri ba ya kwantuwa sai a cikin ƙwai. A 2006 Shinya Yamanaka da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi, a jami'ar Kyoto ta Japan, suka fara da umarni 24, suka yi ta cirewa ɗaya bayan ɗaya har suka tsaya a kan 4, waɗanda in aka kunna su a ƙwayar ɓera da ta riga ta ƙware, sai ta koma baya ta zama irin ta farkon tayi, mai iya zama kusan komai. A 2007 suka yi haka da ƙwayar fatar mutum. A 2012 aka haɗa Yamanaka da Gurdon a kyautar Nobel ɗaya, shekara 50 bayan gwajin kwaɗon.

Na san wasunku na jiran in ce ku zama kamar ƙwayoyin jiki, kowa ya riƙe sana'arsa ya haƙura da matsayinsa. Ba zan faɗa ba, domin kwatancen gurgu ne. Ƙwaya ba ta da zaɓi, ku kuna da shi, kuma an sha amfani da irin wannan magana don a ce wa ɗan talaka ya tsaya inda aka haife shi. Abin da zan ɗauko muku yana cikin tarihin Gurdon ɗin kansa. Yana ɗan shekara 15 a makarantar Eton, shi ya zo na ƙarshe a bayoloji cikin yara 250, malaminsa kuma ya rubuta a takardar sakamako cewa burinsa na zama masanin kimiyya abin dariya ne. Ya ajiye takardar ya sa mata firam a ofishinsa. Ban kawo wannan don ku raina malamai ko ku yi sake da karatu ba. Da yawa sun zo na ƙarshe kuma can suka tabbata. Na kawo ne don jarrabawa tana auna abin da kuka iya maimaitawa, ba ta cika auna tambayar da kuka iya yi ba. Wanda ya haddace cewa jar ƙwayar jini ba ta da cibiya zai ci maki ɗaya. Wanda ya tambayi me ya sa, shi zai gane abin da ke tafe a ƙasa, kuma abin da ke tafe ya shafi gidajenmu kai tsaye.

Ciwon daji, wato kansa, ƙwaya ce da ta saki aikinta ta koma haihuwa ba ƙaƙƙautawa, ta daina jin saƙon maƙwabta, ta ƙi umarnin mutuwa. Idan likita ya duba yankin nama a madubin gwaji, ɗaya daga abubuwan da yake nema shi ne ko ƙwayoyin suna kama da asalinsu. In sun yi nisa da kama, galibi cutar ta fi zafi. A shekarun 1980 likitoci a Shanghai ta Sin, ƙarƙashin Wang Zhenyi, suka gwada wata dabara a kan wani nau'in kansar jini: maimakon su kashe ƙwayoyin da suka maƙale a ƙuruciya, sai suka ba su wani magani dangin bitamin A wanda ya tura su suka ƙarasa girma suka mutu da kansu. Yau yawancin masu wannan nau'i suna warkewa.

'Yan matana, ku da za ku zama iyaye, ku sani cewa babban rabon aikin nan yana faruwa ne a makonnin farko na ciki, sau da yawa tun mace ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. A mako na 3 ƙwayoyi ke kasuwa gida uku: na fata da jijiya, na tsoka da ƙashi da jini, na hanji da hanta da huhu. Wajen kwana 28 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ke rufewa, kuma ƙarancin folik asid na iya hana shi rufewa, a haifi jariri da buɗaɗɗen baya. Shi ya sa ake son a fara shan sa tun kafin a ɗauki ciki. Tsakanin 1957 da 1961 an sayar da wani magani, Thalidomide, wanda masu ciki suka riƙa sha don laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Turai ce fa, da likitocinta. Ina ga maganin da aka saya a faranti a tasha, wanda ya kwana a rana, ba wanda ya san abin da ke ciki? Samari, wannan har da ku, don ku ne ake aika sayo magani.

Sai masu tallar "sitem sel" da suka cika WhatsApp da ɗakunan taro, suna sayar da gari a 'yar leda da tsada, wai yana maganin sukari da hawan jini da sikila da shanyewar ɓarin jiki a lokaci guda. Ku karanta jikin ledar, za ku ga yawanci daga tuffa ko inabi aka samo shi. Ƙwayar tushe ta tuffa kundin tuffa take ɗauke da shi, ba za ta taɓa zama ƙwayar mutum ba, kuma duk abin da aka haɗiya ciki narkar da shi yake yi. Magani na gaskiya da ƙwayoyin tushe yana nan, amma a asibiti ake yinsa, da wahala da haɗari, kuma mafi tabbata a cikinsa shi ne dashen ɓargo. An yi na farko a Najeriya ga mai sikila a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a 2011. Idan kun ga mahaifiyarku za ta sayar da akuyarta don garin leda, ku yi mata bayani cikin ladabi.

Sikila ita ce inda duk wannan darasi ya taru. Harafi ɗaya ne ya sauya a cikin kundin, a babin himogulobin da ke kan kuromosom na 11. Kuskuren yana cikin ƙwayar ido da ta fata da ta ƙwaƙwalwa duka, amma can babin a rufe yake, bai dame su ba. Zuriyar jajayen ƙwayoyin jini ce kawai ke buɗe shi, ita ce kuma ke lanƙwashewa kamar lauje idan oksijin ya ragu, ta toshe hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Iyaye mata sun daɗe da lura cewa jaririn da ke da ita yakan yi watanninsa na farko lafiya, sai wajen wata na 5 ko na 6 hannuwa da ƙafafu su fara kumbura. Wasu sukan ɗora wa mayu ko iska. Bayanin kuwa shi ne tayi yana karanta wani babi dabam na himogulobin, irin na cikin mahaifa, wanda kuskuren bai taɓa ba. Bayan haihuwa sai wani furotin mai suna BCL11A ya rufe wannan babi a hankali a koma na manya, nan cutar ke bayyana. Maganin hydroxyurea da likitoci ke rubutawa yana ɗan sake buɗe babin jarirantakar ne, shi ya sa yake rage yawan tashin ciwon. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani sabon magani, Casgevy: a ɗebi ƙwayoyin tushe na jinin majinyacin, a gyara makunnin BCL11A, a mayar masa, jikinsa ya koma yin himogulobin na tayi. Ilimi ya kai nan. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.

Najeriya kuwa ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya. Ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS ba tare da ya ji komai a jikinsa ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki, ba kowane ɗa na huɗu ba, yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, wato mai sikila. Ana iya jera uku a gida ɗaya. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na jinotaif, kuma ta yi daidai. Sai dai gwajin da aka yi bayan an kai lefe an sa rana ya zo a makare, lokacin zuciya ta riga ta kamu, iyaye sun riga sun gaya wa dangi, kowa na neman hanyar kauce wa takardar. Masu sikila da ke cikinku ba su yi laifin komai ba, suna karatu suna aure suna haihuwa, kuma haƙƙinsu ne a kula da su ba gori. Ku da ba ku san naku ba, kada ku jira sai maganar aure ta taso. Ku je asibitin da aka amince da ɗakin gwajinsa a wannan hutun, ku yi gwajin, ku karɓi sakamakon a rubuce ku adana.